Ƙarar Dizal a Lungunmu

Ni mutum ne mai son a ce na yi daidai, kuma a kan motar nan na rantse na yi daidai. Wata uku na yi ina juya maganar kafin in saye ta. Lokacin an riga an hana hawa babur a Maiduguri, keke kuwa sai ka tsaya bakin titi kana ɗaga hannu har kafaɗarka ta yi tsami. Shagona na atamfa da shadda yana Kasuwar Litinin, 'yar gonata tana Dusuman, ga iyali a gida. Mota dai ta zama dole.

Yayan maiɗakina, wanda ya tsufa a tuƙin tirela, ya ce in nemi jif. Na ce masa jif a wannan zamani ai tallar kai ce, kowa ya gan ka ya san akwai abin tatsa. Ya ce to in sayi ƙarama. Na ce ƙananan nan su ne masu harbi suke shiga su tsere, duk shingen da ka je sai an sauke ka an zazzage har ƙarƙashin kujera. Ni abin da nake so tsaka-tsaki, wadda ba wanda zai waiwaya ya kalle ta. Haka na samo salun 'yar Kwatano, ruwan toka, ba babba ba ƙarama, mai shan dizal. Ranar da aka yi layin fetur har ya zagaye gidan mai, ni sai in wuce famfon manyan motoci in sha in tafi. But ɗinta yana cin dilar atamfa, yana cin buhunan shinkafa daga gona. Na ce wa yayan maiɗakina, tsakani da Allah, direba me yake nema bayan wannan? Ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce Allah ya sa alheri, da irin muryar nan tasa da take ba ni haushi.

Ranar da na fara kawo ta gida, bayan la'asar ne. Lungunmu matsattse ne, ga yashi, a bakinsa akwai darbejiya inda maza suke zama a kan benci. Na karyo kwana ina murmushi, ina jiran a taso a yi mini murna. Sai na ga benci ya kife. Tela ya bar kekensa da riga a bakin allura, mai kanti ya haura katanga, wani ya bar takalmi ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya. Na duba madubi, ba kowa a bayana. Amma a shekarun nan idan ka ga mutane suna gudu ba ka tsayawa tambaya. Na taka birki, na bar ƙofa a buɗe, na faɗa zauren da ya fi kusa. A bayan ƙofa na tarar da limaminmu a tsugune.

"Su nawa ne?" ya tambaye ni a hankali.

Na ce, "Ban gan su ba, Malam. Ai ku kuka gan su."

"Ta ina suka shigo?"

"Wallahi ban sani ba."

Kowa ya shiga karanta abin da ya zo bakinsa. A waje inji yana ta kaf-kaf-kaf. Can Liman ya kasa kunne, ya ce, "Har yanzu ba su kashe motar ba."

Na ce, "Wannan ai tawa ce."

Kallon da ya yi mini ban manta shi ba. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

Da na fito, mutum ɗaya ce kawai a lungun. Tsohuwar da ke gida na uku daga namu, wadda kowa yake kira Kaka, tana tsaye jikin motar, ta kare ido da tafin hannu tana leƙa kujerar baya ta gilashi. Ta daɗe tana leƙe. Sannan ta ɗago, ta gaishe ni da Kanuri, "Wushe, wushe," ta juya ta koma gida tana dafa bango.

Maiɗakina ce ta warware mini, kuma ba da daɗin rai ba. Ta ce, "Kai kullum kana kasuwa, me ka sani?" Watanni kafin nan, wata safiya bayan na fita, babbar mota ta shigo lungun aka kwashe maza. Wannan na sani, har jaje na yi gida-gida. Su wane ne suka zo, ba wanda ya iya cewa, domin a lokacin kaki bai nuna maka komai, kowa yana iya sa shi. Abin da ban sani ba shi ne yawancin mutanen lungun ba su ga motar ba. Suna cikin ɗaki a kulle, ƙararta kawai suka ji, tana tsaye tana kaf-kaf-kaf har aka gama loda mutane. A cikin waɗanda aka tafi da su akwai ɗan Kaka guda ɗaya tilo, magidanci mai wankin hula. Ya bar uwarsa da matarsa, kuma tun ranar ba a sake jin labarinsa ba.

Na yi faɗa. Na ce wannan wane irin abu ne, salun guda ina ta haɗu da babbar mota? Maiɗakina ta ce, "Je ka gaya wa kunnensu."

Na ɗauka kwana biyu za a saba. Mazan sun saba rabi da rabi: sun daina gudu, amma duk sanda na karyo kwana sai hira ta tsaya, wuya ya miƙe, sai sun ga ruwan tokar nan sannan a ci gaba. Kaka ce ba ta saba ba. Kullum na dawo, kafin in kai ƙofarmu ta riga ta fito, ta leƙa kujerar baya, ta gaishe ni, ta koma. Ba ta taɓa tambayata komai ba. Na fara jin nauyin dawowa gidana, har nakan tsaya a shago ina gyara atamfar da ba ta bukatar gyara.

Na kai motar wajen wani bakanike a bayan Kasuwar Kwastam, na ce ya kashe mini ƙarar nan ko ta halin ƙaƙa. Ya shiga ƙarƙashi, ya canza salansa, ya ɗaure nan ya sassauta can. Aka tayar, ga ta nan yadda take. Ya goge hannu ya ce, "Alhaji, lafiyarta ƙalau. Dizal haka yake magana." Na ce ni ban zo jin lafiyarta ba. Ya ce to in sayi mai fetur. Saura kaɗan in zage shi.

Ana haka matar ɗan Kaka ta shigo wajen maiɗakina. Ina daga ɗaki ina jin su. Ta ce don Allah a roƙi Malam, wato ni, ya daina shigowa da motar, domin kullum sai ya dawo wa tsohuwa da ɗanta ya sake ɗauke shi. Ta ce idan Kaka ta koma ciki takan zauna ta yi shiru har magariba. Maganar ta soke ni. Washegari na ajiye motar a bakin lungu, gefen masallaci, na taka da ƙafa.

Kwana biyu aka yi Bulama, mai unguwarmu, ya aiko kirana. Ya ce jama'a sun kawo kuka, ba sa iya salla da mota a ajiye jikin masallaci ba kowa a ciki, a wannan lokaci da muke ciki. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kowa ya san tawa ce." Ya ce sun sani, amma zuciya ba ta sani ba. Na ce to in mayar da ita ƙofar gida? Ya ce a'a, ƙararta tana tayar da hankali. Na ce to in kai ta ina, in ɗora ta a kai? Ya ce in yi haƙuri, in duba abin da ya fi. Na fito kaina a ɗaure, ban san ko an yi mini hukunci ba ne ko shawara aka ba ni.

Ƙarshe wani abokina mai gidan burodi a bakin titi ya ba ni wuri a harabarsa. Sai ga ni, mai motar da na ce ta ishi kowane direba, ina saukowa daga cikinta in yi tafiyar ƙafa cikin yashi da ledar cefane a hannu. Ranar da na dawo daga Dusuman da buhu, sai na nemi mai baro. Yayan maiɗakina ya zo ya gan ni, ya ce, "Ina jif ɗin tsaka-tsakin?" Ban kula shi ba. Na dai ce a raina aƙalla tsohuwa ta huta.

Bayan kamar mako biyu matar nan ta sake shigowa. Wannan karon a tsakar gida ta durƙusa, ta ce da ni take son magana. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ka dawo da motar."

Na ce, "Ba ke kika ce in fitar da ita ba?"

"Ni ce."

"To yanzu kuma fa?"

Ta ce tun da motar ta daina shigowa Kaka ba ta tashi daga tabarma ba sai don alwala. Da can tun azahar take ɗaura ɗankwali ta zauna kusa da ƙofa, ta sha kunu don ta samu ƙarfin miƙewa. Yanzu ko kunun ba ta karɓa. Raina ya ɓaci, ba da ita ba, ban ma san da wa ba. Na ce, "Ku faɗa mini abu ɗaya mana. In na shigo na cuce ta, in ban shigo ba na cuce ta." Ta sunkuyar da kai ta ce ita ma ba ta sani ba.

Na bi ta gidan. Kaka tana kwance a rumfa, ta rame ƙwarai, sai idanu. Na durƙusa na gaishe ta. Na daɗe ina kame-kame, sannan na ce, "Kaka, motar nan da kike ji, tawa ce fa. Ba ta mutanen nan ba ce. Ba kowa a ciki sai ni."

Ta ce, da Hausarta mai nauyin Kanuri, "Ɗana, na sani. Tun kwana na biyu na sani. Na tsufa, ban haukace ba."

"To me ya sa kike fitowa?"

Ta nuna ƙofa da haɓa. Ta ce, "Daga nan zuwa can, da ƙafata, akwai nisa. In na ji ƙarar na tashi, duk tafiyar nan yana cikin motar. Sai na leƙa ne ba ya nan." Ta ƙara da cewa, "Yanzu ko tafiyar babu."

Ni da nake da amsa a kan kowace magana, na tashi na fita ban ko yi sallama ba.

Washegari na shigo da motar. Ban nemi izinin Bulama ba, shi ma bai aiko ba. Hira ta tsaya a gindin darbejiya kamar da, tela ya yi tsaki har na ji. Na sa giya ɗaya na bi lungun a hankali, a hankali, yadda za ta samu lokaci. Ta fito, surukarta tana riƙe da ita. Ta leƙa, ta gaishe ni. Na amsa, ina jin kamar na yi mata ƙarya, ina kuma jin kamar na kai mata abinci. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce. Wani lokaci nakan ce wannan zalunci ne, gobe ba zan ƙara ba, goben kuma in tashi daga shago da wuri don kada ta gaji da jira.

Wata Laraba na karyo kwana na tarar da tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidansu. Ta rasu da hantsi, har an kai ta. Ba waya a garin a lokacin, an yanke layuka, shi ya sa ba wanda ya sanar da ni. Na kashe motar a nan inda take, na fito na zauna cikin mutane. Wani dattijo ya ce Allah ya saka mini, na riƙe ta da rai. Wani a gefensa ya ce a hankali, ba don in ji ba, wahalar fitowar nan ce ta ƙarasa ta. Duka biyun na yarda da su, kuma har yau ban raba gardamar ba.

Ranar sadakar uku na riga na yanke shawara. Na gaya wa maza a zaure cewa zan sayar da ita in nemi mai fetur, kowa ya huta. Suka ce madalla. Da aka watse na tsaya a bakin ƙofar ciki in yi wa matar ɗan Kaka ta'aziyya. Tana bayan labule, ba na ganinta. Na yi addu'a, ta amsa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ƙarar nan ta kusa ƙarewa, na samu mai saye.

Har na ɗauka ta koma ciki. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam, kada ka sayar tukuna. Ni ba na fitowa ne kawai."