Ranar da Gaisuwar Manya Ta Cinye Faransancin Malam Babaji

Har yau in na tuna abin da aka yi wa Malam Babaji sai in ji zuciyata na tafasa. Ni Safiya, lissafi nake koyarwa a makarantar da yake, wata sakandaren 'yan mata can wajen Ƙofar Sauri. Teburina yana jikin nasa a ɗakin malamai, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Ɗan cikin gari ne, amma mahaifiyarsa 'yar Maraɗi ce. Can aka kai shi riƙo wurin kawunsa, can ya yi boko, ya dawo Katsina da Faransanci a baki. Dogo ne siriri, kekensa ya girmi wasu malamanmu, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga wa yarinya bulala ba. Haƙurinsa ma haushi yake ba ni.

Akwai darasin da ya fi ƙauna. Faransawa suna da wata siga ta aikatau da suke kira imparfait, da ita ake faɗin abin da aka saba yi a da. Wani malamin cika allo zai yi da je parlais, tu parlais, il parlait, yara su yi ta rerawa ba su san me suke cewa ba. Shi kuwa sai ya ce kowace ta koma gida ta zauna gaban kakarta, ta tambaye ta yadda take rayuwa tana budurwa. Washegari sai ka jiyo su ta taga: elle pilait le mil, ta kasance tana dakan gero, elle filait le coton, ta kasance tana kaɗin auduga. Yarinyar da ba ta buɗe baki a ajina sai ga ta tana rigimar a bar ta ta faɗi na tata kakar.

Shugaban makarantarmu, Alhaji Garba, bai ga amfanin abin ba. A gabanmu ya ce, "Malam, mutanen Maraɗi da Hausa muke ciniki da su. Faransancin nan na mene ne?" Ya yanke hukunci: ranar ba da kyaututtuka za a ba ɗaliban Malam dama su yi magana gaban iyaye. In iyaye sun nuna suna so, darasin ya zauna. In ba haka ba, a soke shi, Malam ya koma riƙon makullin sito.

Na ce masa, "Malam, wallahi tarko ne." Ya ce, "Malama, ki bari iyayen su ji 'ya'yansu kawai."

Ya zage ya yi ta shiri. Wadda za ta buɗe ita ce Rahama, yarinya mai sanyin murya, da labarin kakarta Iya Asabe. Tsohuwar da kanta ta hau acaɓa daga Batagarawa, da sabon zanenta, ta zo tun ana jera kujeru. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, an ce jikanyata za ta ba da labarina da bakin Nasara. Ko ban gane ba ina so in ji."

To, kun san taronmu. Babban baƙo ya makara, aka zauna zaman jiransa rana na dukan iyaye. Da ya iso, mai gabatarwa ya kama gaisuwa: Alhaji wane, da sarautarsa, da muƙamin da ya riƙe a da, da wanda yake riƙe yanzu, Allah ya ƙara girma. Bai kai ƙarshe ba wata mota ta tsaya. Aka miƙe, aka canza kujeru, ya koma ya faro daga farko, don kada sabon zuwa ya ji an gai da wani kafin shi. Wata motar ta sake zuwa, ya sake farowa. Kai! Duk wanda aka miƙa wa abin magana kuma sai ya bi manyan nan ɗaya bayan ɗaya ya gaishe su, kamar dai yanzu suka sauko daga sama. Yaran Malam suna tsaye a gefen rumfa cikin layi, leɓunansu na motsi, suna maimaita abin da suka haddace.

Na je na raɗa wa mai gabatarwar, "Don Allah ka sako yaran nan." Ya ce, "Haba Malama, manya ba su gama ba." Ana haka aka kira la'asar. Babban baƙo ya tashi, jama'a suka bi shi, masu rumfa suka hau kwance igiya.

Iya Asabe ba ta motsa ba. Malam ya jawo Rahama gabanta ya ce ta fara. Yarinyar ta yi ta faɗa hawaye na zuba, ana jan kujeru ƙiii a bayanta, tsohuwa na gyaɗa kai. Mu uku ne muka ji.

A taron malamai na gaba Alhaji Garba ya gyara zama ya ce, "Kun dai gani da idonku, ko uba ɗaya bai tambayi Faransanci ba." Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ina suka ji shi da za su tambaya? Ku ji tsoron Allah mana!" Aka ce in zauna, ban iya magana da manya ba. Na juya ina jiran Malam ya ce wani abu. Hannu kawai ya miƙa ya karɓi makullin.

Yanzu yana zaune bakin sito, tsakanin tsintsiya da karyayyun benci. Rannan ina wucewa na ga Rahama ta tsaya a ƙofar, ta rusuna ta ce, "Bonjour, Monsieur." Sai Malam ya amsa mata da Hausa.

"Lafiya lau, Rahama. Koma aji kada a yi miki faɗa."