Yatsu Takwas na Malam Harisu

Kullum bayan sallar asuba Malam Harisu yakan hau danfo, motar haya ta Legas, daga Agege zuwa Yaba. Shekara ashirin da shida ke nan yana koyar da fiyano a wata ƙaramar makarantar kiɗa. Ya koya ne a Jos yana saurayi, a gidan wata tsohuwar Baturiya da yake yi wa girki. Gwanintarsa tana kan kiɗan Turawa na shekaru ɗari da hamsin baya, mai taushi da ɗaci, wanda ake ja ana sassautawa kamar numfashi.

"Takarda tana nuna maka inda za ka sa yatsa," yakan ce wa ɗalibansa. "Inda za ka dakata kuwa, wannan naka ne."

A unguwa ba wanda ya taɓa jin ya buga. Wasu ma cewa suke, "Dattijo guda, sai taɓa kayan coci."

A watan Oktoba na shekarar 2000 ya je Ajegunle gyaran wani fiyano, rikici ya rutsa da shi. Samari suka tare motar hayar da yake ciki, suka fito da duk mai hula. Da aka ɗago adda, ya kare kansa da hannun hagu. Yatsu biyu suka tafi. Ya'u, wani ɗan dako da ke zaune kusa da shi, da aka sare shi bai tashi ba.

Shugabar makarantar ta same shi a asibiti. "Baba, ka huta haka. Za mu nemo wani."

"Madam, ki ba ni wata huɗu."

Wata huɗun nan ya yi su da fensir a hannu, yana sake raba kowane sauti tsakanin yatsu takwas. Wasu kiɗe-kiɗen sun fi ƙarfinsa har abada. Ya kwashe takardunsu ya raba wa ɗalibai.

Ranar da ya koma, ya gayyaci Ruƙayyatu, matar marigayi Ya'u. Ya buga a hankali. Sau biyu ya kuskure, bai tsaya ba. Da ya gama ta ce, "Baba, ban san me abin nan yake faɗa ba. Amma tun da aka kawo min gawarsa ban iya kuka ba sai yau."

Yanzu sanyin ƙashi ya kama sauran yatsun, zai ajiye aiki.

Malam Harisu, kai ne aka sara ka koma bakin aikinka, ba ka taɓa tambayar ɗalibi ƙabilarsa ba. Mun raina sana'arka, ka yi mana shiru. Mun gode, ka kuma yafe mana. Mai sana'a, ya riƙe tasa yadda ka riƙe taka.

Ranar Asabar da la'asar za a yi masa bankwana a makarantar da ke Yaba. Ya ce sau ɗaya zai buga. 'Yan Agege, mu je.