Kak Eda, Wadda Ta Ɗaure Ƙafarta Domina

Mu na Allah ne, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malamata Nurhaeda Lasimpala, wadda duk tsibiran Togean suka sani da Kak Eda, wato Yaya Eda, a wani asibiti da ke Ampana, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ina kan gadar katako ina loda tukwanen iskar da masu nutso ke shaƙa a kwale-kwale 'yarta Nirwana ta kira ni a waya. Sunana kawai ta iya faɗa, na kuwa gane. A ranar aka hayo da ita gida, muka binne ta bayan la'asar a tudun kanumfari da ke bayan masallaci. Masunta da yawa sun bar komarsu a ruwa sun zo, har baƙin da ba su san yadda ake sallar gawa ba sun tsaya daga gefe hannuwa a harɗe.

Kak Eda, ni ne Gunadi. Na san da kina nan da kin ce in ajiye alƙalami in je in wanke kayan nutso. Yau dai ki yi haƙuri ki bar ni in faɗi abin da kika yi mini.

Kusan shekara ashirin ke nan da na sauka daga jirgin fito a Wakai, nan Togean, da jakar goyo a baya da sanduna biyu a hammata. Kafin nan ni makaniki ne a wata masana'antar sukari a Madiun, har ranar da motar rake ta bi ta kan babur ɗina, aka yanke mini ƙafar hagu daga saman gwiwa. Ciwon ya warke, amma tausayin mutane ya hana ni sakat. Mahaifiyata, Bu Warsiti, ko tari na yi sai ta taso. Maƙwabta idan sun gan ni sai su rage murya. Da abin ya ishe ni na sayar da akwatin kayan aikina, na kama hanya ba tare da na san inda na nufa ba. Na bi ta Bali, na ratsa Lombok da Flores, ina kwana a ɗakunan haya masu gadaje birjik tare da matafiya daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Duk inda na je zancensu ɗaya ne: abin da suka gani a ƙarƙashin teku. Sai sha'awa ta kama ni. Na shiga shagunan koyar da nutso ban san adadi ba. Kowa ya karɓe ni da fara'a, ya dubi inda ƙafata ta ƙare, ya ce in hau jirgi mai gilashi in yi kallo daga sama.

Ranar da na zo wurinki kina zaune a ƙasa kina gyaran wani tiyo, ba ki ko ɗago ba. Na yi bayanina da muryar wanda ya riga ya san amsa. Kika tambaye ni ko ina da ciwon kunne, ko asma, ko farfaɗiya. Na ce babu. Na jira ki yi zancen ƙafar, ba ki yi ba, har na gaji na nuna miki da kaina.

Kika ce, “Na gani, Mas Gun, ba makauniya ba ce ni. Kifi ko ƙafa ɗaya ba shi da ita, kai kana da guda, me kuma kake nema? Ka zo gobe, kada ka cika cikinka da shinkafa.”

Washegari kuwa na ba ki kunya, na ba kaina. Da zarar na buga ƙafa sai in kama juyi a wuri ɗaya kamar katantanwa, ko in kife a gefe, tukunyar iska ta rinjaye ni. Mijinki Pak Jumadil, wanda ke tuƙa kwale-kwale, ya yi ta danne dariya har ta ƙwace masa. Haka muka yi ta fama har kika ce in huta tukuna, kina da wani aiki. Na ɗauka irin korar da na saba ce, sai dai taki ta fi ladabi. Na fara tambayar ranar da jirgin Gorontalo zai tashi.

Pak Jumadil ne ya tona ki. Ya same ni ina haɗa jaka, ya ce in zo in ga abin da na jawo masa, shi da ya auri mace mai ƙafa biyu. Ya kai ni bayan tsibiri. Can na tarar da ke a bakin ruwa, kin lanƙwasa ƙafarki ta hagu kin ɗaure ta da cinya da robar taya, kina ja da gindi zuwa cikin teku. Ashe kullum da safe haka kike yi, kina nutso da ƙafa ɗaya domin ki gane abin da jikina yake ji. Gwiwarki ta kumbura ta yi suntum. Da kika gan mu ranki ya ɓaci, kika ce wa mijinki bakinsa ya fi komar da ta yage zuba. Sannan kika juyo gare ni kika ce ba za ki koyar da abin da ba ki sani ba, yanzu kuwa kin sani, in je in kwance jakar nan.

Kika sauya mini zaman dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu, kika matsar da ita gefe har jikina ya daidaita. Kika ɗinka mini safar hannu mai fata tsakanin yatsu irin ta agwagwa daga wata tsohuwar rigar nutso. Kika koya mini buga ƙafar daga tsakiya, a hankali, ba da fushi ba. Ranar da na fara tafiya miƙe a kan duwatsun murjani na ƙarƙashin teku, wata kififfiya ta zo ta wuce ta gabana ba ta ko kula ni ba. Tun bayan haɗarin, ita ce halitta ta farko da ta gan ni ba ta sake dubawa ba.

Ba zan ce ke mai sauƙin hali ba ce, don waɗanda suka san ki za su ƙaryata ni. Akwai ranar da muka sauka gefen wani gangaren dutse kusa da tsibirin Una-Una, ruwa ya fara janmu ƙasa, gilashin idona ya cika da ruwa. Tsoro ya shige ni, na manta duk abin da kika koya mini, na yunƙura zan harba sama da gudu, abin da kan fasa wa mutum huhu. Kika cafke ɗamarata da hannu ɗaya, ɗayan kika riƙe dutse, kika kawo fuskarki dab da tawa kina nuna mini in ja numfashi, in sake, in ja, in sake. Ba ki cika ni ba sai da idona ya dawo daidai. Muka hau a hankali kamar yadda ƙa'ida ta ce. A cikin kwale-kwale na ga tafin hannunki duk dutse ya yayyanka shi. Na buɗe baki zan yi godiya kika tare ni da faɗa, irin faɗan da ko Pak Jumadil sai da ya juya baya yana taɓa inji. Kika hana ni shiga zurfi, kika mayar da ni ruwa iya ƙirji, ina cika gilashi da ruwa ina fitarwa har yaran gari suka haddace suna kwaikwayona. Na ji haushinki ƙwarai a lokacin. Daga baya na lura cewa ke kaɗai ce a duniya kike mini faɗa kamar yadda ake yi wa mai lafiya.

Sai ga mahaifiyata. Wani ɗan garinmu ya kai mata labari cewa ɗanta gurgu yana can yana shiga ƙarƙashin teku. Matar da ba ta taɓa wuce Surabaya ba ta hau mota, ta hau jirgi, ta yi ta amai a hanya, ta sauka a gadarmu da ƙullin kayanta da niyyar tafiya da ni. Ko zama ba ta yi ba ta nemi a nuna mata ke.

Ta ce, “Ke ce? Allah Ya ɗauki ƙafa Ya bar mini sauran, ke kuma za ki miƙa wa kifi abin da ya rage.”

Na zaci za ki mayar mata, don ban taɓa ganin an faɗa miki ɗaya kin kasa rama biyu ba. Sai kika sunkuya kika kama hannunta kika kai goshinki, kika ce, “Bu,” wato Mama, “kin sha hanya. Ki ci abinci tukuna. Gobe ki ga abin da yake yi da idonki, in kin ce ya bi ki, ni zan ɗaukar masa jaka.” Kika gasa mata kifi da yaji, kika ba ta ɗakinki, ku kuka koma shago kuka kwana tsakanin tukwanen iska.

Da safe kika sa ta a kwale-kwale, kika ɗaura mata rigar ceto a kan zanenta, kika miƙa mata akwatin nan mai gilashi a gindi da masunta ke leƙa ruwa da shi. Ke ba ki shiga ba, kika zauna kusa da ita kina riƙe da ƙugunta, kika ce ni in sauka tare da wani ɗan'uwanki. Ruwan ranar garau yake. Ina ƙasa ina hango inuwar jirgin da ɗan murabba'in gilashin, na san idonta na kaina. Na yi tafiyata a kan murjani, na juya, na tsaya cak a tsakiyar ruwa ba abin da nake dafawa. Abin da ya faru a sama ke kika ba ni labari, shekaru bayan haka. Kin ce ta daɗe kanta na cikin akwatin, har kika ji tsoron ko jiri ne ya ɗebe ta. Can ta ɗago, fuskarta sharkaf, ta ce da ke a hankali, “Ba ya ɗingishi.”

Ba ta tafi da ni ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa, cewa duk ƙaramar Sallah a gabanta zan yi ta. Ke kika karɓi alkawarin a madadina, kuma ke kika riƙa tilasta mini cika shi. Ko baƙi sun cika shago, azumi na raba tsakiya za ki fara tambayata ko na yanki tikiti. Albarkacin wannan naci naki ina gefenta a shekarar da ta rasu.

A hannunki na zama ɗan rakiyar masu nutso, daga baya na zama malami. Kafin jarrabawar ceto kin sa na yi ta jan Pak Jumadil daga tsakiyar ruwa zuwa gaɓa, shi kuwa ya saki jiki kamar buhun kwakwa yana mini waƙa. Labari ya bazu a bakin matafiya cewa akwai wani shago a Togean da ba a mayar da kowa. Mai hannu ɗaya ya zo, kurma ta zo, wani tsohon soja da aka turo a keke ya zo. Wanda lafiyarsa ba za ta ɗauka ba kikan faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana, ki kuma zauna da shi har ya huce. 'Yan matan ƙauye kuwa kyauta kika koya musu, bayan kin bi gida-gida kin shawo kan iyayensu. Masuntan da ke nutso da injin hura taya, idan ciwon zurfi ya kama ɗayansu ƙafafunsa suka mutu, ƙofarki ake fara bugawa, ki fito da tukunyar iskar asibiti ki raka shi har babban gari, kina yi masa faɗa duk tsawon hanya.

Da ciwo ya ci ƙarfinki likita ya hana ki ruwa, sai kika sa aka ajiye miki kujera a ƙarshen gada. Daga nan kike duba ɗamarar kowa kafin ya hau jirgi. Ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba, sai dai wani lokaci nakan ga kin zura ƙafa a ruwa.

Ganina da ke na ƙarshe a asibiti ne, ana saura 'yan kwanaki. Kin rame har zoben hannunki yana zamewa. Na zauna, sai kika tambaye ni wa da wa ke jiran darasi. Na ce akwai wata malamar makaranta daga Palu, mai suna Hasnawiah, wadda igiyar ruwa ta cinye gidansu da ƙanwarta, tun daga lokacin ko bakin teku ba ta zuwa, yanzu kuma ta ce tana so ta shiga. Kika rufe ido kamar kin yi barci, sannan kika ce:

“Kada ka ba Nirwana ita, ta gaji gaggawata. Kai za ka ɗauke ta. Kuma in na tafi kada ku rufe shago ku zauna kuna kallon juna, matar nan ta yi ƙarfin hali ta zo, in aka ce ta jira ba za ta dawo ba.”

Kak, mun yi yadda kika ce. Bayan addu'ar uku na shiga da Hasnawiah ruwa iya gwiwa, muka tsaya a nan har rana ta yi zafi. Jiya ta sa fuskarta a ruwa ta yi numfashi, ta ɗago tana kuka, ta ce a sake.

Ya Allah, ga baiwarKa Nurhaeda ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi. Duk wanda ta riƙe a lokacin tsoro har ya samu natsuwa, Ka sanya shi a mizaninta, Ka kuma riƙe ta a ranar da babu mai riƙo sai Kai. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarta Nirwana da sauran dangi na Wakai da Ampana, da ɗalibanta da ke warwatse a duniya waɗanda saƙonninsu ke ta shigowa cikin harsunan da ba ma iya karantawa. Ta'aziyya ta musamman ga Pak Jumadil, wanda har yau idan ya tayar da inji yakan ɗan dakata yana duban hanyar gida, domin kullum ita ce ta ƙarshen shiga jirgi. Allah Ya ba ka haƙuri, Pak, Ya ba mu baki ɗaya. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.