Ƙarfe Goman Jidda da Gonar Alhaji Sule

Har yau ana cewa rashin kunya na yi wa magatakarda. Ba haka ba ne, lissafi na yi, kuma ranar ba za ta taɓa fita raina ba.

Watana shida ke nan ina buga tafireta a wata kotun alƙali a ƙasar Kazaure. Aikina in buga abin da magatakarda, Malam Garba, ya rubuta, in kai wa alƙali ya sa hannu.

Aka kawo rabon gadon wata gona daga Roni. Alhaji Sule ya rasu a Jidda bayan aikin hajji, ɗansa Habu kuma ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kano, duk rana ɗaya. Wayar tangaraho daga Jidda ta ce ƙarfe goma na safe. Takardar asibitin nan ta ce Habu ya cika ƙarfe tara na safe. Malam Garba ya rubuta cewa ɗa ya riga uba rasuwa. Wato Habu bai gaji komai ba, marayunsa uku ba su da ko taku ɗaya a gonar.

Na ɗage hannu daga tafireta.

"Malam, goman nan ta Jidda ce. Suna gabanmu da awa biyu. Takwas ɗinmu Alhaji ya rasu, shi ya riga."

"Ke Hajara, goma goma ce ko a birnin Sin. Bugu aka ɗauke ki yi, ba fatawa ba."

"Wallahi ba zan buga ba."

"To ɗauki jakarki."

Takardun na ɗauka, na faɗa wajen alƙali ko sallamar kirki ban yi ba.

"Allah gafarta Malam, da kuka je hajji kuka sauka a Jidda, ba ku gyara agogonku ba?"

Ya karɓi takardun ya duba. "Mun gyara. Wanda ya ƙi, sai da azahar ta kuɓuce masa."

Ya sa aka tambayo Jidda, suka ce agogonsu suka rubuta. Habu ya gaji ubansa, rabonsa ya sauka kan iyalinsa.

Ni kuwa takardar gargaɗi na samu, da canjin wurin aiki zuwa Gwiwa. A aikin nan an fi yafe wa babban da ya yi kuskure a kan ƙaramin da ya gano shi. Abin da na koya, duk lokacin da aka rubuta a takarda, a tambayi agogon wane gari ne.

Gwiwa zan tafi, ba na roƙon kowa. Amma sai Litinin. Kafin nan zan shiga ɗakin fayil in zazzage takardun gadon duk alhajin da ya rasu a Jidda, ɗaya bayan ɗaya.