Takardar da na kasa cikawa a Abijan

Ina saukowa daga mota a tashar Abijan na ga mutum kwance bakin titi, an rufa masa kwali, ƙafafunsa a waje. Jama'a na ta wucewa, wata ma suyar ayabarta take yi daga gefe.

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya ci garinmu ke nan, na fita neman abin yi ni kaɗai.

Na ajiye ƙunshina na tsaya, don a wajenmu ba a wuce gawa, ko ta baƙo ce. Wani dattijo Bahaushe mai sayar da goro ya yafito ni.

Na ce, "Baba, ba za a yi masa sutura ba?"

Ya ce, "Wa ya san shi? Tun jiya ake jiran motar hukuma. Kai dai rubuta sunanka da na garinku ka sa a aljihu, saboda halin rayuwa."

Ya miƙo min takarda. Na rubuta sunana da ajami, sai hannuna ya tsaya. Garin yana ƙarƙashin ruwa, har da kabarin mahaifina.

Yau jikata ta tsinto takardar a tsohuwar adakata. Ƙasan sunan har yanzu babu komai.

Da ku ne, wane gari za ku rubuta?