Akwatin da Goggo Ta Lulluɓe

Goggona, ƙanwar babanmu, ba ta iya ganin abu a buɗe. Tela ce, a kan keken ɗinki ta tsufa, kuma duk ƙyallen da ya rage sai ta yi wa wani abu riga da shi. Talabijin na da riga, tukunyar gas na da riga, har rimot an ɗinka masa 'yar jaka mai zariya. Mukan tsokane ta cewa in baƙo ya daɗe a falo, shi ma za a gwada shi. Sai ta ce, "Ku yi ta dariya. Abin da ka rufe shi ne naka."

Abu ɗaya ta ƙyale tsirara, wato rauta, ɗan akwatin intanet da Auta ta sa aka kafa mata kafin ta bi mijinta wata ƙasa mai nisa. Cikin 'ya'yan da Goggo ta haifa, Auta kaɗai ta rage. Ta bar mata babbar waya marar layi, wadda ba ta aiki sai da wannan akwatin, ta nan uwa ke ganin fuskar 'yarta.

Ranar da za a yi wa Auta aiki a zuciya, na je taya Goggo zama. Mijin ya ce da an fito da ita zai kira. Hantsi ya wuce, azahar ta yi, shiru. Goggo ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Ni kaina na fara zargin wani abu, don an ce shiru ma magana ce. Da na duba wayar sai na ga ashe babu intanet sam! Tawa kuwa 'yar mai madannai ce, kira kawai ta sani.

Na kira mai gyaran intanet da tawa.

"Malama, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Akwai wuta a gidan?"

"Akwai."

"Bi wayar da ta fito daga bango, ki tabbata ta shiga raminta ta zauna daram. Kada dai ki tsokani ɗan ramin nan na baya da allura, komai zai goge. Fitilun akwatin wane launi ne?"

Na waiga kan kabad, babu akwatin. Sai wani ƙunshi na gani, an naɗe da bargo mai kauri, an ɗora matashi a kai.

"Goggo! Mene ne wannan?"

Ta kau da kai. Ta ce, "'Yar nan, tun safe akwatin nan yake ƙifta mini ido. Irin ƙiftawar na'urar da aka jona wa marigayi kawunku a asibiti, ina kallo ta tsaya. Na ce yau ba zan kalla ba."

Na fasa faɗan da na ɗauko. Na warware bargon. Wallahi akwatin ya yi zafi kamar dutsen guga, fitila ɗaya ce ke ci, ita ma ja. Goggo na ganin jan ta dafe ƙirji ta fara salati, wai shi ke nan, an gaya mata.

"Ba 'yarta ba ce, zafi ne!" mai gyaran ya ɗaga murya har ta ji. "Ƙananan ramukan jikinsa ta nan yake numfashi. Cire shi daga soket, ya huce sarai, sannan ki mayar. In bai ƙone ba zai tashi."

"In ya ƙone fa?"

Ya ce, "Sai gobe in kawo wani."

Gobe! Wa zai kai Goggo gobe a haka? Ta jawo kujera, ta ɗauki mafici ta shiga yi wa akwatin fifita, hawaye na bin kumatunta. "Yi haƙuri," take ce masa, "ban san kana numfashi ba." Da wata rana ce da na yi dariya har na faɗi. Ran nan tsoro ya hana ni.

Da ya huce na jona. Ja. Ja dai. Sai ruwan ɗorawa. Sai kore ɗaya, wani ya biyo shi. Nan take wayar ta ɗauki ƙara, saƙonni na ta faɗowa, kiran mijin Auta rututu wanda bai same mu ba. Kafin mu buɗe ko ɗaya wani kiran ya shigo.

Goggo ta ja da baya. "Ɗauki ke. Ni ba zan iya ba."

Na danna. Fuskar mijin ta bayyana, idanunsa jajur, sai ya juya wayar. Ga Auta kwance, roba a hanci, rigar asibiti ta zame daga kafaɗarta. Can ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Mama."

Goggo ta matso har hancinta na taɓa gilashin. Ta daɗe tana kallo, bargon nan a ƙanƙame a ƙirjinta, sannan ta fashe da kuka.

"Ku lulluɓe mini ita mana! Ba ku ga kafaɗarta a waje ba?"