Gudu da Jallabiya a Titin Faisal

A shekarata ta uku a Alƙahira na fara sallar nafila a zaune. Ko arba'in ban kai ba a lokacin, zama ne kawai ya yi mini yawa. Daga ɗaki sai motar haya, daga mota sai aji, in dawo in tanƙwashe ƙafa a gaban littattafai har magariba, ga gurasa da ful, wato dafaffen waken Misirawa, safe da yamma. Jiki ya yi nauyi, gwiwoyi suka fara ƙara. Wata asubar Juma'a liman ya karanta surar da ake sujada a tsakiyarta, sahu ya duƙa ya miƙe, ni kuwa sai da na dafa kafaɗar wani dattijo mai furfura kafin na tashi. Na koma gida ina tsoron kada farilla ma ta koma kan kujera.

Likita ya duba ni, ya ce babu ciwon da ya kai a sha magani. In riƙa tafiya, in na iya in yi gudu.

Abokin ɗakina Bazazzage ne, ni kuma Bakano, saboda haka ba ma raga wa juna. Da na gaya masa, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Gudu? Malam guda da gemu? Me ya koro ka, wuta ko kare?"

"Yi mini shiru, bawana, likita ne ya ce."

"To Allah ya sa ina kusa, in kai labari Zariya."

Maganarsa ta taɓa ni, domin a gida an san babba da tafiyar natsuwa, kuma ɗaliban ƙasarmu sun cika unguwar Faisal. Sai na yi dabara. Na ce zan fita da jallabiyata da hula kamar kullum, in wani ya gan ni sai ya ɗauka mota nake bi. Abin da ban lissafa ba shi ne halin da gari yake ciki. Shekarun zanga-zanga ne, duk wanda aka gani yana gudu, to akwai abin da yake bayansa.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗago, ana buɗe shaguna, na yi bismillah na tattare jallabiya na zuba da gudu. Ban yi nisa ba na ji an ja ƙofar wani shago ƙasa da ƙarfi. Wata mata da tiren gurasa a ka ta juya ta koma lungu. Maza biyu suka taho gefena suna haki, suna tambaya, "Fi e, ya shaikh?" wato me ya faru. Ni kuwa ba ni da numfashin amsawa. Kafin mu kai wurin mai ful na bakin kwana mun kai mu bakwai ko takwas, kowa yana waiwaye.

Mai ful ɗin tsoho ne, ya san ni, kullum a wurinsa nake saye. Ya tare ni da ludayi a hannu.

"Su waye, ya shaikh? Daga ina suka ɓullo?"

"Ba kowa," na ce da ƙyar. "Motsa jiki nake yi."

Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Motsa jiki? Da jallabiya? Ka rufe mana rabin titi, bawan Allah!"

Aka yi ta dariya, har waɗanda suka bi ni. Na yi ta cewa ma'alish, a yi haƙuri. Na koma gida a hankali, na ce na gama da gudu har abada.

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A cikin ɗan gudun nan, kafin a cika bayana, na ji wani daɗi da na manta da shi. Na tuna yadda muke tsere zuwa rafi bayan an tashi daga makarantar allo, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, babu mai tunanin gajiya. Kwana uku abin yana dawo mini. A na huɗu na je sayen ful, tsohon ya ce, "Sayi kayan 'yan wasa. Mutane in sun ga kayan, hankalinsu zai kwanta."

Na sayi dogon wando mai faɗi da riga da takalmin gudu. Ranakun fita na rubuta su da ajami na manna a bayan ƙofa. Agogo kuwa ban riƙe ba, da hadda nake awo: daga gida zuwa wata gada da take can gabanmu hizifi ɗaya, a zuci, ƙafa tana bin karatun. Tsohon ya daina kirana shaikh, ya koma "ya kaftin", kamar yadda Misirawa suke kiran 'yan wasa.

Da sanyi ya shigo na yi mako biyu bargo yana rinjayata. Abokin ɗakina ya dawo da ful wata safiya ya ce, "Mutuminka yana tambayar kaftin. Tashi, yalla, maza, tare za mu."

"Kai da kake mini dariya?"

"Rakiya ce kawai. In ka faɗi, wa zai kwaso Bakano?"

Bai kai gada ba ya zauna a bakin titi yana neman ruwa, na yi masa sannu har sau uku don ya ji haushi.

Wajen watanni biyar da farawa, wata asubar Juma'a, liman ya kai ayar sujada, muka duƙa, muka miƙe. Sai da aka yi nisa a raka'a ta biyu na lura tare da sahu na tashi, ban nemi madafa ba. Na yi wa Allah godiya a zuci, sannan na yi istigfari, don hankalina ya bar karatun liman ya koma kan gwiwoyina.